Gashin Katako: Yadda Zafi Yake Sauya Halin Itace



Kowa ya san ƙofar da takan ƙi rufuwa da damina, ta kuma saki da hunturu har ƙura ta riƙa shiga ta tsakanin allunanta. Dalili kuwa shi ne, itace ko an sare shi ba ya daina shan laimar iska da fitar da ita. In ya sha sai ya kumbura, in ya fitar sai ya tsuke, daga nan tsagewa da lanƙwashewa su biyo baya.

Jikin itace ya ƙunshi manyan sinadarai uku: selulos, mai kama da zare, lignin, mai haɗa zaren kamar ƙaro, da hemiselulos, wanda ya fi sauran jawo ruwa, ya kuma fi su saurin lalacewa in ya ji zafi. A kan wannan na ukun aka gina dabarar gashi.

Ya kamata mu bambanta gashi da busarwa. Busarwa cire ruwa ne kurum, halin katakon yana nan yadda yake. Shi kuwa gashi, akan sa katako cikin rufaffiyar ma'ajiya, a kai zafi tsakanin digiri 160 da 230 na ma'aunin Selshiyas, a kore iskar oksijin don kada ya kama wuta. A 1946 Alfred Stamm da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana amfanin wannan hanya. A shekarun 1990 cibiyar bincike ta VTT a Finlan ta inganta gashi da tururi, watau ThermoWood. Faransa ta yi amfani da iskar naitirojin, Jamus kuwa da mai mai zafi.

To, mene ne sakamakon? Laimar da katakon yake riƙewa takan ragu da wajen rabi, saboda haka kumbura da tsukewa su ragu. Launinsa yakan yi duhu har ciki, nauyinsa ya ragu, ruɓa kuma ba ta saurin kama shi. Shi ya sa ake gasa katakon obeche na Kamaru da Gana a sayar a Turai don lulluɓe bangon gidaje.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Gasasshen katako yakan yi gautsi, ya karye ƙarƙashin kaya, ya tsage in an buga ƙusa ba tare da an huda ba. Har ila yau, gashi ba ya hana gara ci.

Don haka mai tsara kwangilar gini ya lura: a yi ƙofa da taga da shi, amma kada a ɗora masa nauyin rufi, kada kuma a kafa shi cikin ƙasa.