Mene ne zaɓen sabbin 'yan wasa na WNBA?

WNBA ita ce babbar gasar ƙwallon kwando ta mata ƙwararru a Amurka. Kowace shekara ƙungiyoyinta sukan zauna su raba sabbin 'yan wasa, galibi waɗanda suka fito daga jami'o'i.

Ba mai kuɗi ke fara zaɓa ba. Ƙungiyoyin da suka fi shan kaye a kakar da ta wuce ake jefa wa ƙuri'a, wadda ta ci ta ɗauki gwanar da take so, sauran su biyo baya har zagaye uku. 'Yar wasa ba ta da ta cewa kan garin da za ta koma.

Haka ƙungiyar Indiana Fever ta sami Caitlin Clark a Afrilun 2024. Tun tana Jami'ar Iowa take cika fili: a Oktoban 2023 mutum 55,646 suka hallara kallon wasansu da Jami'ar DePaul. Da ta koma Indiana, wasu abokan hamayya sai da suka nemi filaye mafi girma domin masu zuwa kallonta.

Sai dai albashin sabuwar 'yar wasa ƙayyadadde ne. Shekararta ta farko dala 76,535 aka biya ta, kuma wannan bai yi daidai da jama'ar da ta tara ba. Kwangilolin talla, irin ta Nike, su ne suka kawo mata kuɗi masu kauri.