Mai kama zomo daga zaune

Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. A dazukan kudancin Sifaniya, yankin da littattafan tarihi ke kira Andalus, akwai kyanwar dajin da ba ta yarda da wannan magana ba. Mutanen ƙasar suna kiranta linse. Ta ninka kyanwar gida girma sau biyu ko uku, jikinta dabbare-dabbare kamar na damisa, wutsiyarta guntuwa mai baƙin baki. Tana da gemu ta gefen kumatu biyu, da tsinin baƙin gashi a saman kowane kunne.

Ba ta iya dogon gudu, kuma ba ta wahalar da kanta a kansa. Da magariba ko da asuba sai ta sami gindin wani kurmi a bakin fili, inda zomaye ke fitowa kiwo, ta laɓe. Wannan fako shi Sifaniyawa ke kira acechar, aikin maharbi da ɓarawo da mai jiran abokin gaba. In zomo ya yi nisa sai ta bi shi da sanɗa, ciki na shafar ƙasa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta riƙe ta a sama har ya sake sunkuyar da kai. Sauran aikin tsalle biyu ne ko uku, sai cizo a ƙeya. In ta kuskure ba ta binsa, fako take komawa.

Turawan da sun yi imani idonta na ratsa bango. Ƙungiyar masanan da aka kafa a Rum a 1603, wadda Galileo ya shiga daga baya, sunan wannan jinsi ta ɗauka don haka. Har gobe a Sifaniya in an ce wa mutum linse ana nufin ba a yi masa wayo. Ba ta ganin bayan bango, amma kunnenta ya isa a yi masa kirari.

Sai dai duk wannan gwaninta a kan abinci ɗaya ta tsaya. Zomon can mai haƙa rami ne, mai zaman gayya, ba kamar namu mai kwana a ciyawa ba, kuma shi ne kusan duk abin da take ci: ɗaya a rana, mai shayarwa kuwa har uku. An ce in kiɗa ya canza rawa ma ta canza, amma linse rawa ɗaya ta iya. A 1952 wani likita a Faransa ya saki cutar zomaye da gangan a gonarsa don sun dame shi, cutar ta tsallaka iyaka ta yi musu kisan kiyashi. A ƙarshen shekarun 1980 wata annobar ta biyo baya. Ga tarko, ga bindiga, ga daji ana sarewa. A 2002 linse 94 kacal aka ƙirga, a Doñana da tsaunukan Andújar.

Ceton ya zo da wuya. A 2005 wata linse mai suna Saliega ta haifi 'ya'ya uku a cibiyar kiwo ta El Acebuche, haihuwar farko a hannun mutane. Ba a gama murna ba ɗaya ya kashe 'yar'uwarsa a faɗa, daga nan masu kiwon suka gane cewa 'ya'yan kan yi mummunan rikici tun ba su kai wata biyu ba. Waɗanda za a saka a daji zomo mai rai ake ba su don su koyi fako, kuma da gangan ake tsorata su kada su saba da mutum. A ganina a nan hikimar take, domin sabo da mutum ajali ne ga naman daji. A 2023 adadin linse a Sifaniya da Fotugal ya haura 2,000.

Masu gandun farauta da suka tsane ta a da sun fara sassautowa, don sun lura tana kashe yanyawa da tunku, zomaye da makwarwa su ƙaru a inda take. Babban makashinta yanzu mota ce. Matasan linse kan bar yankin uwa su nemi nasu, su hau kwalta da dare. Shi ya sa ake kafa shingen waya a gefen hanyoyi, ana kuma haƙa musu mashigi ta ƙarƙashin titi.