Paraku ko Kalavi: ina za a kai yaro ya karanci kasuwanci?

Tambayar shirinmu na wannan mako daga Pelebina ta fito, kan hanyar Jugu zuwa Basila. Wani bawan Allah makiyayi ne ya aiko ta. Ɗansa ya ci bak, yana son ya karanci kasuwanci ko tattalin arziki. Yaro na cewa Kalavi, uwarsa na cewa Paraku, uban kuwa shi ne zai ja bijimi zuwa kara. Ya ce a faɗa masa gaskiya kafin ya saki igiya. To ga abin da aka tattauna, a taƙaice.

Da farko, jami'o'in nan biyu duk na gwamnatin Benin ne. Ta Abome-Kalavi, dab da Kwatano, ita ce babba, an kafa ta a 1970, tun ƙasar tana amsa sunan Dahome. Ta Paraku kuwa a 2001 aka buɗe ta, 'ya'yan arewa suka samu jami'a kusa da gida. Tsarin karatunsu ɗaya ne: shekara 3 a samu lisans, a ƙara 2 a samu masta. Kowace tana da sashen tattalin arziki da gudanar da kasuwanci, wanda ake kira FASEG. In aka zo jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, lisans ɗin Paraku da na Kalavi darajarsu ɗaya.

Masu iyali a ƙetare su riƙe wannan. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo saboda badaƙalar takardun bogi. Da ta fitar da sunayen jami'o'in da ta amince da su a watan Agustan shekarar, Kalavi da Paraku duk suna ciki. Don haka kada wani ya ruɗe ku da cewa takardar ɗaya ta fi ta ɗaya tsallaka iyaka.

To ina bambancin yake? Yana cikin ƙofar da yaro zai shiga, domin kowace jami'a ƙofa biyu gare ta. Ta farko ita ce FASEG ɗin nan. Ɗalibai na da yawa ƙwarai, ana cika babban zaure, malami ba zai san sunan ɗanka ba. Karatun kuma akwai lissafi mai nauyi. Wanda ke iya tsare kansa ya yi bita ba tare da an bi shi da sanda ba, zai ci riba. Wanda ya saba sai an tura shi, nan ne ake maimaita aji. Ƙofa ta biyu ita ce makarantun sana'a da ke cikin jami'ar: IUT a Paraku, ENEAM a Kwatano. A nan ɗalibai ba su kai na FASEG yawa ba, ana koyar da aiki kai tsaye, kamar aikin banki, lissafin kuɗin kamfani, saye da sayarwa da harkar sufuri, ana kuma tura yaro ya koyi aiki a ma'aikata. Sai dai shiga da wuya. Makin bak ne ke magana, kuma ta shafin apresmonbac.bj ake cike zaɓi. Mai maki sosai yana iya samun bursu, wanda bai samu ba ya biya da aljihunsa. Kenan kafin a yi gardamar gari, a fara duba takardar makin yaro.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi damun mai tambaya. Daga Jugu zuwa Paraku kamar kilomita 130 ne, ka je da safe ka dawo da yamma. Zuwa Kwatano kuwa ya haura kilomita 400. Yaron da ke Paraku ana iya aika masa doya, masara da cuku a motar kasuwa, in ya kwanta ciwo uwarsa ta iso ran nan. Da yawanmu ma muna da dangi a unguwar Zango da za su sa masa ido. A Kalavi hayar ɗaki ta fi tsada, ga kuɗin zemijan, ga abinci na saye. Hukumar COUS tana da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in biyu, amma ba sa isar kowa, kada a ɗora lissafi a kansu. Ka zauna da yaron ku rubuta haya, ci, mota, takardu da magani na wata guda, ku ninka da watannin shekara, sannan da shekara 4, domin a bar ɗaya ko da an maimaita. Abin da ya fito, mai da shi shanu. In biyansa zai kai ka ga taɓa shanun tatsa da karsana, to nauyin ya fi ƙarfin garken.

Amma fa a yi wa Kalavi adalci. Tashar jiragen ruwa tana Kwatano, haka manyan ofisoshin duwan da na bankuna, ga masana'antun Glo-Jigbe inda ake sarrafa auduga da kashu. Yaron da burinsa fiton kaya a tasha ko aiki a hedkwatar banki, a can zai fi samun wurin koyon aiki da sanin mutane. Shi kuwa wanda zai dawo ya riƙe harkar gida, Paraku makaranta ce ko a wajen aji: ga kasuwar Arzeke, ga karar shanu ta Turu, ga hanyar Malanbil zuwa Nijar, ga ta Nikki zuwa Cikanda a iyakar Najeriya. Sashen aikin gona na jami'ar ma yana koyar da tattalin arzikin karkara, wanda ya shafi noma da kiwo kai tsaye.

Wani ya bugo waya yana cewa, mu da muka gaji fatauci, me boko zai ƙara mana? Aka tuna masa rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023. Aka tuna masa sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, naira kuwa tana hawa tana sauka. Gidan da ke da mai iya lissafin canji, mai karanta takardar duwan da ta bashin banki kafin a sa hannu, asararsa ba ta kai ta maƙwabci ba. Kuma duk inda yaro ya je, ya dage da Turanci, don shi ne harshen takarda a Najeriya da Gana.

Shawarar da aka ba mutumin Pelebina ita ce: in makin yaro ya ba shi ENEAM da bursu, a sa masa albarka ya tafi kudu. In FASEG ce za a shiga ko ta ina, kuma da kuɗin garke za a biya, Paraku ta fi sauƙi, in ya so ya nemi masta a Kalavi daga baya. 'Ya mace ma lissafin ke nan, kada a ce nata karatun ya jira.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya albarkaci dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.