Rediyon Tauraron Ɗan'adam a Amurka: Yadda Kuɗin Wata Ya Samar Wa Ƙananan Mawaƙa Kasuwa

Direban da ya tashi daga birnin Shikago ya nufi gaɓar tekun Kalifoniya yana da tafiyar fiye da kilomita 3,000 a gabansa. A da, duk bayan sa'a ɗaya ko biyu tashar da yake saurare sai ta ɓace, ya shiga laluben wata, kuma galibi abin da ya baro shi zai tarar: waƙoƙin da suka yi tashe, ana juya su safe da yamma, da tallace-tallace a tsakani. Yanzu kuwa yana iya kama tasha guda tun daga ƙofar gidansa har ya isa, babu talla, yana jin mawaƙan da bai taɓa sanin sunansu ba. Abin da ya kawo wannan canji shi ne rediyon tauraron ɗan'adam, wanda kamfanin SiriusXM ke gudanarwa a Amurka da Kanada, kuma mutane kimanin miliyan 33 ke biyansa a shekarar 2024.

Ga ɗan kasuwa, abin lura a nan ya wuce kiɗa. Magana ce ta wane ne mai biya, domin kuwa shi ne ake yi wa aiki.

Gidan rediyon kasuwanci na AM ko FM ba ya karɓar ko sisi daga mai saurare. Hajarsa ita ce kunnuwan jama'a, waɗanda yake tarawa ya sayar wa masu talla. Saboda haka babban abin da manajan irin wannan gida ke tsoro shi ne waƙar da za ta sa mutum ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha, kuma ba abin da ke sa hakan kamar waƙar da kunne bai saba da ita ba. Al'amarin ya ƙara tsananta bayan dokar sadarwa ta 1996, wadda ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani guda zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tashi daga tashoshi kimanin 40 zuwa wajen 1,200 cikin 'yan shekaru. Da mallaka ta taru a hannun 'yan tsiraru, sai zaɓen waƙoƙi ma ya koma hannun 'yan tsiraru.

Ga kuma matsalar toshiya. A shekarar 2005 kamfanin faifai na Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan binciken babban lauyan Jihar New York, Eliot Spitzer, kan kyaututtukan da ake bai wa ma'aikatan rediyo don a sa waƙoƙin kamfanin. A 2007 manyan kamfanonin rediyo huɗu suka biya hukumar sadarwa ta ƙasar, watau FCC, dala miliyan 12.5 kan irin wannan zargi. Ƙaramin kamfanin faifai ba shi da aljihun shiga wannan gasa.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu wasu nau'o'in kiɗa uku. Akwai indi, sunan da ake bai wa waƙoƙin ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan dillalan duniya uku, Universal da Sony da Warner. Irinsu Sub Pop na Seattle da Merge na Jihar Karolina ta Arewa. Akwai pank, kiɗan gita mai sauri da kaushi wanda ya ɓullo a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Sai kuma alt-kantiri. Masu sauraron rediyo a Nijeriya sun san kiɗan kantiri ta bakin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton. To shi alt-kantiri reshe ne da ya bijire wa salon da manyan kamfanonin Nashville ke gogewa don kasuwa, ya haɗa kayan kiɗan karkara da zafin pank. Faifan ƙungiyar Uncle Tupelo na 1990, No Depression, shi ake yawan ɗauka mafarinsa, har wata mujalla da aka kafa a 1995 ta ari sunan.

Masoya waɗannan kaɗe-kaɗe suna da yawa idan aka haɗa ƙasar baki ɗaya, amma a warwatse suke. A gari guda ba su isa su riƙe tashar FM ba. Tauraron ɗan'adam kuwa bai san iyakar gari ba: siginarsa guda tana sauka a kan nahiya, ta yadda mutum dubu a nan, ɗari biyar a can, za su taru su zama kasuwa. Kuma da yake kuɗin wata suke biya, kamfanin ba ya bukatar kowace tasha ta tara miliyoyi. Abin da yake bukata shi ne kowane mai biya ya sami tasha biyu ko uku, cikin fiye da ɗari, da ba zai so rabuwa da su ba.

Jari mai nauyi

Kafa wannan sana'a ya ci dukiya. A watan Afrilu na 1997 hukumar FCC ta yi gwanjon lasisi biyu kacal. Kamfanin da ya zama XM ya biya kusan dala miliyan 90, wanda ya zama Sirius kuma ya biya kimanin miliyan 83. Wannan kuɗin izini ne kawai. Sai da aka ƙera taurari aka harba su, aka kafa ɗaruruwan na'urorin ƙara ƙarfin sigina a cikin birane inda dogayen gine-gine ke tare sama, aka kuma shawo kan masu ƙera motoci su sa akwatin a cikin sababbin motocinsu. XM ya fara watsa shiri a watan Satumba na 2001 a kan dala 9.99 a wata, Sirius ya biyo baya a Fabrairun 2002 a kan dala 12.95. Wani abin mamaki shi ne Clear Channel kansa yana cikin waɗanda suka zuba jari a XM a 1999, tare da kamfanin motoci na General Motors.

Mota ita ce shagon wannan sana'a. Mai sayen sabuwar mota yakan sami wasu watanni yana saurare kyauta, da fatan in wa'adi ya cika sabo ya kama shi. Nan ne tashoshin ƙananan mawaƙa suka nuna amfaninsu, domin waƙar da ta yi tashe ana samunta a FM ba tare da biya ba, ba wanda zai cire kuɗi saboda ita.

XM ya buɗe XMU don kiɗan indi, da Fungus don pank, da X Country don alt-kantiri. Sirius ya buɗe Left of Center da Faction, sannan a 2004 Steven Van Zandt, makaɗin gita a ƙungiyar Bruce Springsteen, ya tsara masa Outlaw Country. Dabarar ita ce a ɗauko mutanen da suka san fagen, sau da yawa mawaƙa ne su kansu, a sakar musu mara. Steve Earle ya sami shirinsa a Outlaw Country, Marky Ramone na ƙungiyar Ramones ya sami nasa na pank, Bob Dylan kuma ya gabatar da shiri a XM daga 2006 zuwa 2009. Da yake fuskar akwatin tana nuna sunan mawaƙi da na waƙa a lokacin da take tafiya, wanda ya ji abin da ya burge shi ba ya jiran mai gabatarwa ya faɗa masa; ya riga ya san abin da zai nema. Wannan ƙaramin abu ya yi wa cinikin faifai da tikitin wasa aiki babba.

Misalin da aka fi ambata na ƙarfin irin wannan tasha shi ne na Florida Georgia Line, waɗanda tashar The Highway ta riƙa sa waƙarsu Cruise a 2012 tun ba su ƙulla yarjejeniya da babban kamfani ba. Su dai 'yan kantirin kasuwa ne, ba na tawaye ba, amma hanyar ɗaya ce: tasha ta sa waƙa, ciniki ya motsa, sannan manyan dillalai su zo da takardar yarjejeniya.

Wa ke cin ribar waƙa?

Akwai wani bambanci na doka da ya sa mawaƙa ke daraja wannan kafa. A Amurka gidan rediyon AM ko FM yana biyan marubucin waƙa da mai buga ta, ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, amma ba ya biyan wanda ya rera ko kamfanin da ya mallaki faifan. Dokokin 1995 da 1998 sun wajabta wa kafafen zamani, har da rediyon tauraro, su biya wannan haƙƙi na biyu. Ƙungiyar SoundExchange ce ke karɓa ta raba. Daga kowace dala 100, mai faifai yana samun 50, mawaƙin da sunansa ke kan waƙar 45, sauran 5 kuma na makaɗa da 'yan amshi ne. Kason mawaƙi kai tsaye yake zuwa hannunsa, ba ya bi ta kamfanin da zai fara cire bashin da yake binsa. Wanda kuwa ya mallaki faifansa da kansa, kamar yadda 'yan indi da dama suke, kashi 95 nasa ne.

Wannan kaso ya yi ta hawa. Daga kashi 6 cikin 100 na kuɗin shigar da doka ta ƙayyade a 2007, ya kai kashi 11 a 2017, sannan kashi 15.5 daga 2018.

Gasa, haɗewa, da abin da aka rasa

Kamfanonin biyu sun yi ta gasar sayen manyan sunaye har suka kusa halaka juna. A 2004 Sirius ya ɗauki mai shirin hira Howard Stern a kan dala miliyan 500 na shekara biyar. Babu ɗayansu da ya taɓa rufe shekara da riba. A Fabrairun 2007 suka sanar da niyyar haɗewa, duk da cewa sharaɗin lasisin 1997 ya hana ɗaya ya mallaki ɗaya. Hujjarsu ita ce ba junansu kaɗai suke gasa da shi ba, akwai FM da iPod da intanet. Hukuma ta amince a Yulin 2008, lokacin suna da masu biya kimanin miliyan 18.5.

Masu sauraron ƙananan tashoshi ne suka fara ganin sakamakon. Kafin shekarar ta ƙare an rufe Fungus da X Country, an narkar da XMU da Left of Center suka zama SiriusXMU. Ta fuskar lissafi matakin daidai ne, tun da ba dalilin riƙe tashoshi biyu masu aiki iri ɗaya. Amma ga ƙaramin mawaƙi, ƙofofi biyu ne suka koma ɗaya, kuma idan mai zaɓen waƙa na wannan ƙofa bai so faifansa ba, babu ta biyun da zai ƙwanƙwasa. Babakeren da ya kori waɗannan mawaƙa daga FM shi ne ya biyo su sararin samaniya, sai dai da sauƙi.

Haɗewar ma ba ta hana kamfanin jin jiki ba. A farkon 2009, ana tsakiyar rikicin tattalin arzikin duniya, hannun jarinsa ya faɗi zuwa 'yan santi kaɗan, sai da Liberty Media na John Malone ya ba shi rancen dala miliyan 530 a madadin kashi 40 cikin 100 na mallaka. Wani kamfanin bai sami irin wannan ceto ba. WorldSpace, wanda Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa, ya harba tauraron AfriStar a 1998 don watsa rediyo ga Afirka, amma tsadar akwatinsa da ƙarancin masu iya biya suka kai shi kotun karayar arziki a Oktoban 2008. Shi ba shi da kamfanonin mota da za su kai masa akwati hannun miliyoyin mutane.

Ƙalubalen yanzu daga wayar hannu yake. Spotify ya shiga Amurka a 2011, kuma a 'yan shekarun nan ana ɗora sababbin waƙoƙi fiye da 100,000 kowace rana a kan irin waɗannan kafafe. Waƙa ta daina wuyar samu. Zaɓenta ne ya yi wuya. Na'ura tana duba abin da mutum ya saba ji ta kawo masa makamancinsa, alhali mai gabatar da shiri yana iya sa abin da lissafi bai hango ba. A kan wannan bambanci SiriusXM ya dogara, ko da yake shi ma ya sayi Pandora a 2019 a kan dala biliyan 3.5 don kada jirgi ya bar shi. Duk da haka yawan masu biyansa, wanda ya kusa kai miliyan 35 a ƙarshen 2019, ya ɗan ja baya, kuɗin shigarsa kuma ya sauka daga kusan dala biliyan 9 a 2023 zuwa biliyan 8.7 a 2024. Kason kashi 15.5 da yake biyan masu faifai da mawaƙa an ɗaure shi da dokar 2018 har zuwa ƙarshen 2027, kuma daga nan ne za a sake ciniki.