Labarin Ibnu Shaɗir, Mai Kula da Lokutan Salla a Dimashƙa

 Kowane almajiri ya san yadda ake tsayawa a rana a auna inuwa da ƙafa, a fitar da inuwar zawali, a ƙara mata tsawon mutum, a ce la'asar ta yi. To, yau labarin wani malami ne wanda wannan awon inuwa ya zama aikinsa, har ya kai shi ga gyara littafin da aka yi shekara fiye da dubu ana karantawa.

Sunansa Aliyu ɗan Ibrahim, ana yi masa laƙabi da Ibnu Shaɗir. An haife shi a Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekara ta 1304 Miladiyya. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 6, danginsa suka koya masa sana'ar yi wa katako ado da hauren giwa. Sa'an nan ya tafi Alƙahira da Iskandariyya neman ilmin falaki da hisabi. Da ya komo gida, ya zama shugaban masu kula da lokutan salla a babban Masallacin Banu Umayya, ladanai suna kiran salla da abin da ya auna.

Kada mai karatu ya rena sana'ar nan ta haure. Wanda ya saba yanka abu ya zauna daidai a gurbinsa, shi ne zai iya zana layi a kan tagulla ba tare da kuskure ba. Malam Safadi, mai tarihi, ya ziyarce shi a 1343, ya ba da labarin ya ga asɗurlabi, wato faifan tagulla na awon taurari, kafe a bangon gidansa yana juyawa dare da rana, ba da ruwa ba, ba da yashi ba. Har wa yau ya ƙera wani ɗan akwati da ya kira Sunduƙul Yawaƙit, wanda mutum zai ɗauka a hannu ya san lokaci da alƙibla. Fatake za su gane amfanin wannan.

Amma mafi girman abin da ya ƙera shi ne agogon rana na dutsen marmara, tsawonsa kamar kamu 4, faɗinsa kamu 2, wanda ya ɗora a hasumiyar masallacin da ake kira Hasumiyar Amarya a shekara ta 773 Hijira, wajen 1371. Hikimarsa tana ga tsinken da ke ba da inuwa. Sanda in aka kafa ta tsaye, inda inuwarta ke faɗuwa da hantsi a damina dabam yake da na hunturu. Shi kuwa sai ya karkata tsinken ya fuskanci ƙuɗubin arewa, wurin da taurari ke kewayawa, domin haka inuwar tana nuna sa'o'i masu tsawo ɗaya a dukan shekara. Ladan ya duba dutsen ya san abin da ya wuce tun fitowar rana, da abin da ya rage kafin la'asar da faɗuwar rana.

Mutumin da kullum idonsa ke kan awo ba ya karɓar magana don girman mai ita. Baɗlaimus Bayunane, mai littafin Almajisɗi, ya tsara tafiyar wata ta yadda, in an bi lissafinsa, a wasu kwanaki watan zai matso kusa da ƙasa har ya yi kusan ninki biyu na girmansa a ido. Duk mai duban wata ya san haka ba ta faruwa. Malaman Maraga ta ƙasar Farisa, irin su Nasiruddini Ɗusi, sun riga sun fara gyara ga littafin. Ibnu Shaɗir ya ɗora a kan aikinsu, ya rubuta Nihayatus Su'uli fi Tashihil Usuli, ya sake tsara da'irorin wata har nisansa ya dace da abin da ido ke gani. Ya yi wa rana da sauran taurari masu tafiya irin wannan gyara, amma ya bar ƙasa a tsakiya kamar yadda magabata suka ɗauka.

Ya rasu a 1375. Mutanen Sham da Masar suka riƙe jadawalinsa mai suna Azzijul Jadid, suka yi ta kwafa da taƙaitawa, domin shi ke biyan bukatar yau da kullum. Littafin gyaran kuwa bai sami masu ɗorawa a kansa kamar yadda ya cancanta ba, wannan kuma a ganina hasara ce. Sai a 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, tare da malaminsa Edward Kennedy na jami'ar Amurka da ke Bairut, ya bayyana cewa tsarin wata na Ibnu Shaɗir shi ne wanda ke cikin littafin Kofanikus ɗan ƙasar Folan, da aka buga a 1543, wanda ya ce ƙasa ce ke kewaya rana. Tsarin tauraron Uɗaridu ma haka. Tun daga sa'an nan malaman tarihi suka yi saɓani: mafi yawansu sun ce aikin Sham ne ya isa Turai, wasu kuwa sun ce kowa ya gano nasa.

Agogon dutsen ya zauna a hasumiya shekara kamar 500, sa'an nan ya fashe. A 1876 Shaihu Ɗanɗawi, mai kula da lokaci a masallacin, ya sassaƙa irinsa ya sa a gurbinsa, gutsattsarin na asali kuwa daga baya aka kai su gidan adana kayan tarihi na Dimashƙa. Allah Ya jiƙan Ibnu Shaɗir. Wassalam.