Mai Kankara da Mai Yaɓe a Cikin Ƙashin Namiji

Duk magidanci a Abala ya san aikin da ke jiransa kafin ruwan farko ya sauka. Sai an kankare tsohon yaɓen da ya tsattsage a jikin katanga, sannan a kwaɓa sabuwar laka a shafe. Mai kankara na gaba, mai yaɓe na biye. In na gaban ya yi wa na bayan nisa, katanga ta sirance, damina guda ta ishe ta.

Haka ƙashin mutum yake, dare da rana. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, akwai masu zuba sabo, har cikin shekara 10 ko kusa da haka ƙasusuwan baligi sun sabunta. Da tsufa ya kawo kai, masu kankara sukan fi masu yaɓe hanzari. Mu maza mun bar wa mata wannan ciwo na raunin ƙashi, alhali namiji 1 cikin 5 da ya haura shekara 50 zai gamu da karayar da raunin ƙashi ya jawo, kuma in ƙugu ne ya karye, maza sun fi mata rasa rai a bayansa.

A nan bitamin E ya shigo, wanda ake tallar ƙwayoyinsa da sunan ƙara ƙarfi. Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano shi a Kalifoniya a 1922, kuma iyali ne mai ƴaƴa takwas: tokoferol huɗu, tokotiriyenol huɗu. Man gyaɗa da riɗi na ɗauke da na farkon, manja kuwa ya shahara da na biyun. Yawancin ƙwayoyin kanti ɗaya tal suke ƙunsa, alfa-tokoferol, kuma yawan shansa kan rage ɗan'uwansa gama-tokoferol a cikin jini.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Keio ta Japan suka ciyar da ɓeraye alfa-tokoferol mai yawa. Ƙashinsu ya ragu, domin sinadarin ya sa ƙwayoyin da ke cinye ƙashi suna haɗewa su ƙara girma. Wato an ƙaro masu kankara, mai yaɓe yana nan shi kaɗai. Ɓera ba mutum ba ne, kuma a 2014 binciken Jami'ar Uppsala ta Suwidin ya nuna tsofaffi maza da mata masu ƙarancin wannan bitamin sun fi yawan karaya. A ganina maganganun biyu ba su ci karo ba: jiki na son miligiram 15 a yini, abin da ya wuce haka nesa ba lallai ya zama alheri ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin SELECT na Amurka, kan maza sama da 35,000, wanda a 2011 ya nuna masu haɗiyar ƙwayar bitamin E kullum sun ƙara haɗarin kansar mafitsarar maniyyi, wato furostet, da kashi 17 cikin ɗari.

Ƙasar Kurfayawa ba ta rasa kayan yaɓe ba. Shanun Azawak, irin waɗanda ake kiwo a tashar Tukunus kusa da Filinge, suna ba da nono da cuku masu sinadarin kalsiyam, ainihin lakar ƙashi. Rana da ke sa fata ta samar da bitamin D ba a sayenta, noma da tafiyar kiwo kuma suna ƙarfafa ƙugu. Kwaɗon zogale da ɗan man gyaɗa zai kawo bitamin E tare da danginsa.

Inda nake jin tsoro shi ne lokacin bazara, sa'ad da nono ya ja baya, rumbu ya yi ƙasa, dattijo ya bar wa jikoki rabonsa ya wuni a kan farau-farau. Shi ne ya fi buƙatar a ajiye masa ƙwaryar nono. In kuma aka ga tsawonsa na raguwa, ko ya karye daga ɗan tuntuɓe, a kai shi asibiti a duba ƙashinsa ko da maɗori ya riga ya ɗora.