Kadaria Ahmed: 'Yar Kanon da ta titsiye manya a gaban kyamara

IDAN ka tambayi matashin ɗan kallo ya lissafa maka matan Kano da su ka yi fice a gaban kyamara, nan take zai fara jero sunayen 'yan wasa. Da wuya ka ji ya ambaci Kadaria Ahmed. Alhali kuwa wannan baiwar Allah ta daɗe ta na hulɗa da kyamara, sai dai ita ba rawa da waƙa ta ke yi ba, kuma babu daraktan da ke ce mata "akshin". Sana'ar ta ita ce tambaya. Waɗanda ta ke yi wa tambayar kuma ba ƙananan mutane ba ne: shugabannin ƙasa ne, da gwamnoni, da masu neman kujerun su.

'Yan fim na da dalili na musamman na sanin ta. A lokacin da industiri ke cikin tsaka mai wuya, ita ce ta ɗauki kukan su ta ajiye shi a gaban gwamnan Kano, ana watsawa kai-tsaye, duk Nijeriya na kallo.

Daga Kano zuwa Landan

An haifi Kadaria a Kano cikin 1967, amma asalin gidan su mutanen ƙasar Zamfara ne. Ta yi digirin ta na farko a fannin aikin jarida a Jami'ar Bayero, sannan ta yi na biyu a fannin talbijin a kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan. Ta na cikin waɗanda su ka ci gajiyar tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa.

A gidan rediyon BBC ta goge. Mafi yawan 'yan Arewa da su ka yi suna a can ta Sashen Hausa aka san su, shi ya sa kowa ya haddace muryoyin su. Ita kuwa a ɓangaren Ingilishi ta yi aiki, inda ta kai matsayin babbar furodusa a shirye-shiryen 'Focus on Africa' da 'Network Africa'. To, furodusa a gidan rediyo ba shi ne mai zuba kuɗi kamar na fim ba. Shi ne ke zaɓen labarin da za a sa, ya nemo wanda za a tattauna da shi, ya tantance gaskiyar magana kafin ta fita, ya kuma shirya wa mai gabatarwa tambayoyi. Wato dai kafin jama'a su san fuskar Kadaria, ta shafe shekaru a bayan fage ta na koyon yadda ake haɗa tambayar da ba ta da ƙofar gudu.

Jaridar da ta ƙi karɓar ambulan

Da ta dawo gida sai ta zama edita a jaridar 'Next' da ke Legas. Dele Olojede ne ya kafa ta, ɗan jaridar da ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 2005 saboda rahotannin sa kan Ruwanda. An soma buga jaridar a farkon 2009, kuma tun daga ranar farko ta kafa wa ma'aikatan ta doka: ba a karɓar ambulan. Wanda ya san aikin jarida a ƙasar nan ya san abin da ake nufi, wato ɗan "na mai" da ake miƙa wa wakilai bayan taro. Kuma ai bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Babban gwajin jaridar ya zo ne lokacin rashin lafiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'Aduwa. An fita da shi zuwa Jidda a ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka shafe makonni babu wanda ya gan shi, muƙarraban sa na ta cewa ya na samun sauƙi. A Janairun 2010 'Next' ta fito da labari a shafin farko cewa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwar sa, ba zai iya ci gaba da mulki ba. Ƙasa ta ɗauka. Kwana biyu bayan haka aka ji muryar shugaban a BBC ta wayar tarho, wasu su ka ce to ga shi nan, jarida ta yi ƙarya. Amma ko da aka dawo da shi Abuja cikin dare a watan Fabrairu, bai sake fitowa bainar jama'a ba har Allah ya karɓi abin sa a ranar 5 ga Mayu, 2010.

Jaridar ta kuma tono harkokin ma'aikatar man fetur. Irin wannan aiki ba ya jawo talla, korar ta ya ke yi. Kuɗi su ka ƙare, aka daina buga 'Next' a 2011. Sai dai iri bai ɓata ba, domin wasu daga cikin manyan ma'aikatan ta, irin su Dapo Olorunyomi da Musikilu Mojeed, su ne su ka kafa jaridar intanet ta 'Premium Times'.

Daren da aka ambaci 'yan fim

Ƙannen mu da ba su riski zamanin ba, ga yadda abin ya ke. A watan Agusta na 2007 wani bidiyon waya ya ɓulla a Kano wanda ya shafa wa dukkan industiri baƙin jini. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙin sa na 'Bahaushiya'. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, sannan a ƙarshen Disambar shekarar aka ɗaure Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, mai fim ɗin 'Tsintsiya'. 'Yan fim da dama su ka tattara komatsan su su ka koma Kaduna da wasu garuruwan.

Ana nan sai zaɓen 2011 ya ƙarato, Malam Shekarau ya fito takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar ANPP. A daren Juma'a, 18 ga Maris, tashar NN24 ta shirya muhawara a Abuja. Marigayi Janar Muhammadu Buhari na CPC ya zo, Malam Nuhu Ribaɗu na ACN ya zo, Shekarau ya zo. Shugaba Goodluck Jonathan bai halarta ba. Mai jan ragamar muhawarar ita ce Kadaria.

Da layi ya zo kan gwamnan Kano, sai ta taso masa da batun Hisba da takurawar da ake yi wa masu shirya fim a jihar sa. Malam dai gwanin magana ne, bai daburce ba. Ya musanta cewa gwamnatin sa ta murƙushe sana'ar, ya nuna cewa hukumar tacewa doka ce ta kafa ta kuma bisa doka ta ke aiki. Masu sharhi da yawa sun ce shi ne ya fi kowa iya amsa a daren. 'Yan fim kuwa, musamman waɗanda su ka kwana a gidan yari, ba su gamsu ba ko kaɗan.

Ko ma wane ɓangare mutum ya ke, abu ɗaya ya tabbata. Shekara uku da rabi 'yan fim na kuka a shafukan mujallu da zauren kotu, amma samun damar tsayawa gaban mai Gidan Gwamnati na unguwar Nassarawa GRA a ce masa "Ranka ya daɗe, me ya sa?" ya gagara. A wannan dare dole ya amsa, a tsaye, cikin ƙayyadadden lokaci, babu mai rubuta masa. Kuma an samu hakan ne don mai tambayar ta san Kano, ta kuma ɗauki sana'ar fim da muhimmancin da za a sa ta cikin muhawarar shugabancin ƙasa.

Kujera mai zafi

Daga nan talbijin ya zama gidan ta. Ta gabatar da shirin 'Straight Talk', inda ta zauna da manya irin su Janar Ibrahim Babangida, sannan a 2017 ta fito da 'The Core' a tashar Channels. Ta kafa kamfanin ta mai suna Daria Media, wanda ya haɗa gwiwa da NTA su ka shirya 'The Candidates' a Janairun 2019. Tsarin shirin shi ne a kawo ɗan takara da mataimakin sa su zauna, ita ta yi tambaya, jama'ar da ke zauren su yi, na gida ma su aiko.

Ranar 16 ga wata aka kawo Shugaba Buhari da Farfesa Yemi Osinbajo. Wanda ya kalla ba zai manta yadda Farfesa ke yawan kawo wa maigidan sa ɗauki ba, ita kuma ta na mayar da tambayar ga shugaban, don shi ta tambaya. A nan ma Kano ta sake shigowa. Watanni uku kafin nan, ɗan jarida Jaafar Jaafar na 'Daily Nigerian' ya saki bidiyon da ake zargin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ne a ciki ya na karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. Aka tambayi Buhari matsayin sa. Ya ce ya ga bidiyon, amma bai san iya fasahar da aka yi amfani da ita wajen haɗa shi ba, kuma magana na hannun majalisar jiha da kotu. Washegari duk majalisar da ka je a Kano hirar kenan.

Ranar 30 ga wata sai ga Alhaji Atiku Abubakar da Peter Obi. Su ma ba ta saurara masu ba. Ta tono wa Waziri tsofaffin zarge-zargen da ake yi masa, ta tambayi Obi kan kuɗin Jihar Anambra da ya zuba a hannun jari lokacin ya na gwamna. Abin dariya, bayan zaman farko magoya bayan gwamnati sun ce ta yi wa dattijo rashin kunya. Bayan na biyu kuma 'yan adawa su ka ce ai dama 'yar gwamnati ce! An sake yin shirin a ƙarshen 2022, inda Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso da Peter Obi su ka hau kujerar. Kafin nan, a 2020, ta buɗe gidan rediyon RadioNow 95.3 FM a Legas.

Zamfara: inda abin ya taɓa gida

A ranar 6 ga Afrilu, 2019 sai aka ga Kadaria a wani matsayi daban. Ta fito kan titin Abuja cikin masu zanga-zangar kashe-kashen da 'yan bindiga ke yi a Zamfara, ranta a ɓace, ta yi wa gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, kaca-kaca a gaban 'yan jarida. Bidiyon ya zagaye wayoyi. Washegari gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da haƙar ma'adinai a jihar.

Wannan fitowa ta jawo muhawara. Wasu na ganin ɗan jarida alƙali ne, bai kamata a gan shi da kwali a hannu ba, domin gobe zai zauna da wanda ya zaga. Wasu kuma su ka ce idan ana kashe dangin ka, ba a cewa ka tsaya tsakiya. Kowane ɓangare na da hujja, kuma nauyi ne da ta ɗauka da sanin ta.

A 2022 ma ta sake ba mutane mamaki. Sashen binciken BBC ya fitar da wani fim na gaskiya kan 'yan bindigar Zamfara, wanda a ciki aka yi hira da shugabannin su. Kadaria ta fito ta soki tsohon gidan nata, ta na ganin an ba masu kisa dandalin tallata kan su. Abokan aikin ta da dama ba su yarda da ita ba, su ka ce fim ɗin ya nuna wa duniya abin da hukuma ke ɓoyewa. Wannan gardama ta shafi duk mai riƙe kyamara, har da daraktocin mu: yaushe nuna mugu ke zama tona masa asiri, yaushe kuma ya ke zama yi masa kwalliya?

Abin ɗauka

Sau da yawa idan aka sa ɗan jarida a fim ɗin Hausa, za ka gan shi ne da 'yar rikoda ya na bin Alhaji a guje, a yi masa tsawa ya koma gefe. Rayuwar Kadaria ta nuna aikin ya wuce nan. Tambayar minti ɗaya da ake gani a allo, bayan ta akwai kwanaki na karatu, da tono tsofaffin takardu, da buga waya. Akwai jaridar da ta mutu don ta ƙi sayar da shafin ta. Akwai zagi daga hagu da dama, wanda idan mace ce 'yar Arewa ya kan ninka, abin da 'yan wasan mu mata su ka fi kowa sani.

Ga marubutan da ke kukan ƙarancin labari, ga shi nan a ƙofar gida. Ga 'yan mata masu sha'awar fitowa a talbijin kuma, hanya ba ɗaya ba ce. Sashen da Kadaria ta yi karatu na nan a Jami'ar Bayero, har ya bunƙasa ya zama tsangaya guda, kuma duk shekara ana ɗaukar ɗalibai.